Digiri na Biyu da Kujerar Hedimasta: Shin Jami'a na Koya wa Malami Jan Ragamar 'Yan'uwansa?

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano a watan Yunin 2024, muhawarar gyaran makarantun gwamnati ta fi karkata ga gine-gine da kujeru da ɗaukar sababbin malamai. Ba a cika tambayar wanda zai riƙe makarantar ba bayan an gama fenti an tafi. A watan Oktoban 2024 kuma hukumar UNESCO ta fitar da rahotonta na sa ido kan ilimi a duniya, wanda ta keɓe shi ga shugabanci a harkar ilimi, ta sa haɗa kan malamai su yi aiki tare cikin manyan ayyukan shugaba. A gefe guda, duk shekara malaman firamare da na sakandare suna tururuwa zuwa Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa neman digiri na biyu a fannin gudanar da ilimi da tsare-tsarensa. To, wannan karatu yana shirya malami ya shugabanci makaranta tare da 'yan'uwansa, ko kuwa takarda ce kawai ta neman ƙarin girma?

Yadda ake zama shugaban makaranta a yau

A Najeriya doka ta fayyace wanda zai shiga aji ya koyar. Takardar NCE ta kwalejin ilimi ce mafi ƙaranci, kuma dokar 1993 da ta kafa hukumar rajistar malamai, TRCN, ta ba ta ikon tantance wane ne malami. Hukumar ta kasa malamai gida huɗu: rukunin A masu digirin digirgir, B masu digiri na biyu, C masu digiri na farko, D masu NCE. Amma a aikace babu wata takarda ta musamman da aka wajabta wa mutum kafin a miƙa masa makaranta guda ya riƙe. A firamare sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ke naɗa hedimasta, a sakandare kuma ma'aikatar ilimi ko hukumar kula da makarantun sakandare. Abin da aka fi dubawa shi ne matakin albashi da daɗewa a aiki, wani lokacin kuma da wanda ya tsaya maka.

Sai mutum ya shekara ashirin yana koyar da lissafi, ranar Juma'a a ba shi takarda, ranar Litinin ya wayi gari da malamai talatin da ɗalibai dubu da ɗari biyar a wuyansa. Abin da zai yi koyi da shi bai wuce yadda ya ga shugabansa na baya yana yi ba: rajistar zuwa aiki, jan layi da jan biro ƙarfe takwas, sa hannu a littafin tsarin darasi ba tare da an karanta ba, da kai rahoto ofis.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya. Ingila ta ƙirƙiro takardar shaidar shugabancin makaranta a 1997, ta wajabta ta ga sababbin shugabanni a 2009, sannan ta janye wajabcin a 2012. Singafo tana cire waɗanda ta zaɓa daga aiki na wata shida cur, tana biyansu albashi, su yi kwas ɗin shugabanci a cibiyar horar da malamanta. Mu ma muna da cibiyar NIEPA a garin Ondo tun 1992, wadda aka kafa don horar da masu tsara ilimi da shugabannin makarantu, sai dai cibiya ɗaya ba za ta iya da dubun-dubatar makarantu ba, kuma yawancin abin da ke isowa ga hedimasta bita ce ta 'yan kwanaki. Wannan giɓin ne digiri na biyu yake ƙoƙarin cikewa, ko da ba a faɗa ba.

Me ake nufi da shugabancin haɗin gwiwa?

Nan ne aka fi samun rashin fahimta. Wasu na ɗauka cewa ana nufin a rage wa shugaba iko, kowane malami ya zama mai gaban kansa, komai sai an kaɗa ƙuri'a. Ba haka ba ne. Shugaban makaranta shi ne dai zai amsa tambaya idan jami'an tabbatar da inganci suka zo, shi ne mai sa hannu a kuɗi, shi ne mai rubuta takardar tuhuma. Abin da ake rabawa shi ne aikin inganta koyarwa, saboda ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Firinsifal ɗin da ya karanta tarihi ba zai iya gane ko malamin kimiyyar sinadarai yana koyar da daidai ba, kuma ko da zai iya, ba shi da lokacin shiga aji arba'in.

Muƙaman da za a raba aikin a kansu suna nan tuntuni: mataimakin shugaba na ɓangaren karatu da na ɓangaren mulki, siniya masta, shugabannin sassa, malamin aji, jami'in jarrabawa, malamin ba da shawara. Matsalar ita ce a makarantu da yawa suna ne kawai. Shugaban sashen harsuna aikinsa bai wuce tattara tambayoyin jarrabawa a ƙarshen zango ba. A tsarin haɗin gwiwa ana ba shi abu uku a fili: aikin da ke kansa, ikon yanke hukunci a iyakar wannan aikin, da ranar da zai kawo bayanin inda aka kwana. In babu na biyun, ɗan aike aka yi, ba shugaba ba. In babu na ukun, sakaci ne aka raɗa wa suna mai daɗi.

Akwai hujjar da ta sa masana suka nace a kan wannan. A 2008 Viviane Robinson ta Jami'ar Auckland da abokan aikinta sun tattara bincike-binciken da aka yi kan alaƙar shugabanci da sakamakon ɗalibai, suka kasa ayyukan shugaba gida biyar. Wanda ya fi tasiri shi ne shugaba ya tsaya kan ƙarin ilimin malamansa, shi ma ya zauna a cikinsu yana koyo; tasirinsa ya ninka na tsara manufofi, ya kuma zarce na tabbatar da doka da oda nesa ba kusa ba. A lura cewa yawancin binciken a ƙasashe masu arziki aka yi shi, inda malami na zuwa aiki kuma albashi na zuwa kan lokaci. A makarantar da malamai ba sa shiga aji, jan layi a rajista shi ne matakin farko, babu makawa. Amma mataki ne na farko kawai.

Abin da ke cikin kwas ɗin

Sharuɗɗan shiga digiri na biyun kusan ɗaya ne a jami'o'in ƙasar nan: kiredit biyar a sakandare, digirin farko a fannin ilimi da aƙalla daraja ta biyu ƙarama, da takardar bautar ƙasa ko ta yafewa. Wanda ya yi digirinsa a wani fanni, ko mai babbar difloma, sai ya fara yin difloma ta gaba da digiri a koyarwa, wato PGDE, wadda jami'o'i da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna suke bayarwa. A takarda ana gama digirin cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. A zahiri yana kai wa uku ko fiye, saboda yajin aiki da jiran sufabaiza ya karanta babi.

Shekarar farko ta darussa ce: ra'ayoyin masana kan gudanarwa, tsara ilimi, tattalin arzikin ilimi, kuɗin makaranta, dokokin ilimi, kula da ma'aikata, duba makarantu, kula da gine-gine, sai dabarun bincike da ƙididdiga waɗanda su ne ke kayar da mutane. Bayan nan sai kundin bincike mai babi biyar, da kare shi a gaban malaman sashe sannan a gaban mai jarrabawa daga waje.

Kada a raina waɗannan darussa. Shugaban da ya san dokar aiki ba zai dakatar da malami da baki ba, a je a mayar da shi a kunyata shi. Wanda ya karanta tsara ilimi zai iya duba yawan 'yan aji shida na firamaren da ke kewaye da shi ya ƙiyasta ɗaliban da za su shigo masa baɗi, ya nemi kujeru tun kafin su iso. Wanda ya san lissafin kuɗi zai iya cike takardun kashe tallafi ba tare da an riƙe masa kashi na biyu ba. Duk wannan alheri ne. Sai dai duk aikin ofis ne, kuma an gina shi a kan tunanin mutum ɗaya a saman tsani yana ba da umarni.

Inda gizo ke saƙar

Ɗalibin NCE ba ya samun takarda sai ya yi watanni yana koyarwar gwaji, an zo an duba shi a aji. Ɗalibin digiri na biyu a gudanarwa kuwa yana iya gamawa ba tare da wani ya taɓa ganinsa yana jagorantar taron malamai ko yana yi wa abokin aiki gyara ba. Wasu jami'o'in suna da kwas na aikin gwaji a manhajarsu, amma sau da yawa yana ƙarewa ne a rubuta rahoton ziyara.

Kundin binciken ma yana da salon da kowa ya sani. A zaɓi take irin "tasirin salon shugabancin firinsifal a kan ƙwazon malamai" a wata shiyyar ilimi, a ɗauko adadin waɗanda za a tambaya daga jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, a raba takardun tambayoyi masu zaɓi huɗu daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", a kai wa mai kwamfuta ya fitar da alƙaluma. Sakamakon kusan kullum ɗaya ne, wai salon tuntuɓa ya fi na kama-karya. Gaskiya ne, amma ba a buƙatar shekara biyu kafin a san haka, kuma babu aji ɗaya da ya canza saboda an rubuta shi.

Akwai nau'in binciken da ya fi dacewa da malamin da ke bakin aiki, wanda ake yi a makarantar da mutum yake. Ya gano matsala guda, misali 'yan aji uku ba sa iya karanta jimlar Hausa. Ya auna su a farkon zango, ya haɗa malaman aji ɗaya zuwa uku su yarda da abin da za su canza, su gwada na makonni goma, ya sake aunawa, ya rubuta abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba da dalili. Wanda ya yi wannan ya koyi shawo kan mutanen da ba ya biyansu albashi, ya koyi abin yi idan biyu daga cikinsu suka daina zuwa taro a mako na huɗu. Wasu malaman jami'a suna ɗari-ɗari da irin wannan aiki, suna cewa ba za a iya ɗora sakamakon makaranta ɗaya a kan sauran ba. Ƙorafin yana da tushe ga mai shirin zama malamin jami'a. Ga mai shirin zama hedimasta kuwa, makaranta ɗayar ita ce aikin.

Duba darasi: aikin da ya fi wuya, kuma ba a koyar da shi

Idan za a zaɓi fasaha ɗaya da digirin ya kamata ya tabbatar ɗalibi ya iya, to ita ce shiga ajin wani malami a kalli darasinsa, a fito a yi maganar da za ta amfane shi. Malamanmu sun gaji tsoron sufeto tun zamanin En'e, don haka duk wanda ya shigo aji da takarda a hannu ana ɗaukarsa mai neman laifi. Hanyar da ke aiki tana da matakai.

Ana fara zama na minti goma kafin darasin. Malamin ne zai faɗi abin da yake son yara su iya a ƙarshen minti arba'in, shi ne kuma zai zaɓi abin da yake son a lura masa da shi. Wannan kaɗai yana sauke rabin tsoron. Sai mai dubawa ya shiga tun farko ya zauna a baya har a kaɗa ƙararrawa, ba ya gyara wa malami a gaban yara ko da ya yi kuskure a allo. Abin da zai rubuta shi ne abin da ido ya gani, ba hukunci ba. "Darasi bai yi armashi ba" hukunci ne, kuma babu abin da malami zai yi da shi sai fushi. "An yi tambaya tara, yara uku na layin gaba ne suka amsa bakwai, babu mace ko ɗaya da ta yi magana, kwafar allo ta ci minti ashirin da biyu" bayani ne wanda ba a musu a kansa. Yana da kyau kuma ya zagaya ya leƙa littattafan yara biyar ko shida daga baya da tsakiya, domin amsar baki ɗaya da aji ke yi da ƙarfi tana ɓoye waɗanda baki kawai suke motsawa.

Zama na biyu kada ya wuce kwana biyu, kuma ba a ofishin malamai a gaban jama'a ba. Malamin ne zai fara magana: me ya ga ya tafi daidai, ina ya ji yara sun ɓace masa. Sannan a nuna masa abin da aka rubuta, a tsayar da abu ɗaya tak da zai canza, a sa ranar da za a dawo. Kuskuren sababbin shugabanni shi ne su jero gyara goma sha biyu don a ga sun yi karatu. Malami zai ce "to, ranka ya daɗe", ya fita bai riƙe ko ɗaya ba. Kuskure na biyu, wanda ya fi muni, shi ne a haɗa wannan dubawar da takardar kimanta ƙwazo ta shekara. Daga ranar da malamai suka gane abin da aka gani a aji zai shiga fayil, za su riƙa shirya darasin nuni: a maimaita abin da aka koyar makon jiya, yara su yi ta ɗaga hannu.

Akwai kuma abin da littattafan waje ba su tanada ba. Shugaban sashe ɗan shekara talatin da biyar zai duba darasin dattijon da ya koyar da shi a aji ɗaya na sakandare. Tun bayan dokar 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, a jihohin da suka aiwatar da ita, irin wannan haɗuwa za ta ƙaru. Abin da ke aiki shi ne ƙaramin ya fara gayyatar babban ya zo ya duba nasa darasin, ya karɓi gyara a fili. Bayan haka ƙofar dattijo ta fi sauƙin buɗuwa. Haka nan idan namiji zai tattauna da malama, a yi zaman inda ake ganinsu ba a jin su, ko a sa wata malama a ciki, don kada tsegumi ya kashe shirin tun yana jariri.

Duba darasin juna ba baƙon abu ba ne a nan. Shirin SMASE da Japan ta tallafa, wanda aka fara a 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato, ya koya wa malaman lissafi da kimiyya shirya darasi tare da duba juna. Shirin ESSPIN na Birtaniya ya yi aiki daga 2008 a jihohi shida, ciki har da Kano da Jigawa da Kaduna, yana horar da hedimastoci su riƙa duba darasi da shirya zaman ƙara wa juna sani. A Jamhuriyar Nijar akwai tsarin CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa da juna ke haɗuwa su tattauna koyarwa. Abin takaicin shi ne wannan ƙwarewa ta zauna a hannun shirye-shiryen masu ba da tallafi, waɗanda ke da ranar ƙarewa, ba ta shiga manhajar jami'a yadda ya kamata ba.

Lissafin lokaci

Duk wannan yana cin lokaci, kuma a jadawalin darussa ake gane ko makaranta da gaske take. A ce makaranta tana da darasi takwas a rana na minti arba'in, kusan arba'in ke nan a mako, ban da ragin Juma'a. A ce shugaban sashen kimiyya yana da malamai shida, yana son ya duba kowannensu sau biyu a zango. Kowace dubawa da zamanta na gaba da na baya za ta ci darasi biyu, jimilla 24 a zangon makonni goma sha uku, kusan biyu a mako. A ƙara taron sashe na darasi ɗaya, da duba littattafan tsarin darasi. Yana buƙatar a sauke masa darasi huɗu ko biyar a mako. Idan aka bar shi da talatin kamar kowa, muƙamin zai tsaya a suna.

Taron sashen ma sai an sa shi cikin jadawali, a lokacin da dukan malaman sashen ba su da aji. In aka ce sai bayan an tashi, malamin da ke da shago ko gona ko makarantar kuɗi ta yamma ba zai tsaya ba, malamar da za ta ɗauko yara ma haka, kuma da albashin da ake biya babu mai bakin zarginsu. A firamaren karkara mai malamai huɗu da aji shida babu wanda za a sauke wa komai. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, 40 a sakandare, kuma duk wanda ya leƙa makarantun cikin birni ya san inda aka kwana. A irin wannan wuri abin da zai yiwu shi ne makarantu uku ko huɗu su haɗu sau ɗaya a wata.

Haɗin gwiwa da mutanen gari

Rabin aikin yana wajen katanga. Tun tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa kwamitin gudanar da makaranta, SBMC, a kowace makaranta, da wakilan malamai da ɗalibai da iyaye da mata da tsofaffin ɗalibai da mai unguwa da malaman addini da masu sana'a. Kwamitin ya ƙara nauyi da kuɗi suka fara bi ta hannunsa, kamar tallafin shirin NIPEP da aka fara a 2015 a Kano da Jigawa da Kaduna da Katsina da Sakkwato, da kuma shirin AGILE na Bankin Duniya don ilimin 'yan mata da aka amince da shi a 2020.

Inda ake samun matsala sananne ne. Hedimasta ya rubuta sunayen abokansa a matsayin mambobi, ya rubuta tsarin raya makaranta shi kaɗai, ya kai wa shugaban kwamiti gida ya sa hannu. Ko kuma akasin haka, shugaban kwamiti mai ƙarfi a siyasar gari ya mayar da hedimasta magatakarda. Nijar ta gwada maganin na farkon: shirin da Japan ta tallafa a jihar Tawa daga 2004 ya sa a riƙa zaɓen shugabannin kwamiti da ƙuri'ar sirri a gaban taron gari. Shugaban da aka horar da kyau zai san yadda ake zama da kwamiti a jera buƙatu a zaɓi uku da kuɗin zai iya, a liƙa lissafin shiga da fita a bangon makaranta, a kuma tabbatar matan da ke cikin kwamitin sun yi magana, ko da sai an yi musu zama na daban kafin babban taro.

Ɓangarorin muhawarar

Masu son a wajabta digiri na biyu ga shugabannin sakandare suna cewa zai rage naɗin son rai, ya ɗaga darajar aikin. Suna tuna wa mutane jarrabawar da Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare a 2017, inda gwamnati ta ce 21,780 daga cikin kusan 33,000 sun kasa. Ko me mutum yake gani game da adalcin jarrabawar, kowane ɗaya daga cikin malaman nan yana ƙarƙashin wani hedimasta shekara da shekaru, kuma tsarin bai ba hedimastan horo ko iko ya gano raunin ya gyara ba.

Masu adawa suna da hujjoji masu nauyi. Na farko kuɗi: asusun TETFund yana ɗaukar nauyin karatun malaman manyan makarantu ne, malamin firamare da na sakandare daga albashinsa zai biya, sai in ya yi sa'ar hutun karatu da albashi. Wajabci zai fifita na birni a kan na ƙauye, da maza a kan matan da ba za su iya barin gida su tafi Zariya ko Sakkwato ba, alhali makarantun 'yan mata suna buƙatar shugabanni mata. Na biyu, digirin yakan zama ƙofar fita. Malami mai himma yana gamawa sai ya nemi aiki a kwalejin ilimi ko jami'a ko ƙungiyar agaji, makarantar da ta yi haƙurin rashinsa shekara biyu ta tashi a tutar babu. Na uku, in aka ɗaura ƙarin girma a kan takarda, mutane za su nemi takardar ta hanya mafi sauƙi, kuma kasuwar rubuta wa mutane kundi ba ɓoyayya ba ce.

A ganinmu wajabta digirin a yadda yake yanzu ba zai canza komai a aji ba. Abin da ya fi ma'ana shi ne jihohi su zauna da tsangayoyin ilimi su tsara kwas na masu aiki, wanda ake yi a hutu da ƙarshen mako, a ɗauki malamai biyu ko uku daga makaranta ɗaya maimakon mutum guda da zai dawo ya tarar da kowa na kallonsa a matsayin mai iyayi, a sa wani gogaggen shugaba ya riƙa bibiyarsu, a kuma sanya sharaɗin komawa makarantar na wasu shekaru. Hanyar kuɗi tana nan: dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin bai-ɗaya, kuma akwai kason horar da malamai a ciki, wanda yawanci ke tafiya a bitar kwana uku zuwa biyar. Sai kuma a buɗe hanyar da ƙwararren malami zai hau matakin albashi yana cikin aji yana jagorantar 'yan'uwansa, ba sai ya koma ofis ba.

Ga malamin da ke shirin cike fom, da kuma iyaye

Kafin ka biya kuɗi, bincika ko digirin na bincike ne mai kundi wanda ake ci gaba da shi zuwa digirin digirgir, ko na ƙwarewar aiki, domin jami'o'i da yawa ba sa karɓar na biyun don ci gaba. Nemi izinin hukumarka a rubuce kafin ka fara. Wanda ya yi karatu ba da izini ba yakan sha wahala wajen shigar da takardar cikin fayil, wani ma a tuhume shi da barin aiki. Tambayi waɗanda suka riga ka ɗalibai nawa ke hannun sufabaiza ɗaya da tsawon lokacin da babi ke yi kafin ya dawo. Idan aka ba ka zaɓin take, nemi wanda za ka yi a makarantarka, ka kuma shaida wa shugabanka tun farko, domin firinsifal mai digiri ɗaya yakan ji tsoron na ƙasa da shi mai biyu, kuma shi ke riƙe da jadawali.

Iyaye kuma ba sai sun tambayi takardun hedimasta ba. Su tambaya a taron iyaye da malamai: yaushe aka yi zaman kwamitin makaranta na ƙarshe, ina lissafin kuɗin, wa ke shiga aji ya ga yadda ake koyarwa kuma sau nawa a zango, sannan yara nawa ne a aji uku ke iya karanta sakin layi guda da Hausa. Tambaya ta ƙarshen ana iya samun amsarta cikin safiya ɗaya, a ba kowane yaro minti ɗaya da takarda ɗaya, malamai biyu suna ƙirga kalmomin da ya karanta daidai.